Bututun da Ke Bin Mai Waya: Tarihin GTP

Ranar 1 ga Yuli 1991 tsohon Firaministan Finland, Harri Holkeri, ya kira Kaarina Suonio, mataimakiyar magajin garin Tampere, a kan layin kamfanin Radiolinja. Wannan kira shi ake lissafawa na farko a tsarin GSM, wanda ƙasashen Turai suka fara shiryawa tun 1982, suka sa hannu a kan yarjejeniyarsa a Kwapanhagan a 1987, daga baya suka damƙa rubuta ƙa'idojinsa ga cibiyar ETSI da ke Sophia Antipolis a kudancin Faransa. Waɗanda suka gina shi mutanen tarho ne, murya ce kawai a ransu. Abin da suka gada shi ne, idan mutum biyu za su yi magana a ware musu layi su kaɗai daga sallama zuwa ban kwana, a riƙa ƙirga musu minti. Ko sun yi shiru layin nasu ne, kuma kuɗi na tafiya.

Ana iya tura data ta wannan hanya, amma da jan ƙafa: kilobit 9.6 a daƙiƙa. Mai son duba wasiƙunsa sai ya jona waya da kwamfuta, ya buga lamba, ya jira, sannan ya biya har da mintocin da ya ɓata yana karatu alhali babu abin da ke wucewa ta layin. Kamfani ma bai tsira ba, domin kowace tashar rediyo ta GSM gurbi takwas kacal aka kasa ta, ga mutum ɗaya ya kame gurbi guda yana karanta shafi.

Mutanen kwamfuta kuwa sun daɗe da kama wata hanyar. Tun shekarun 1960 Paul Baran a Amurka da Donald Davies a Ingila, kowa a nasa ɓangaren, suka kawo shawarar a yayyanka saƙo ƙanana-ƙanana, kowane yanki a rubuta masa adireshi a goshi a sake shi ya bi hanyar da ta samu. A kan waɗannan fakitoci aka gina intanet. Layi ɗaya sai ya ɗauki kayan mutum dubu, kowa na amfani da shi a ɗan lokacin da yake da abin aikawa kaɗai. Kowa ya ga wannan ne maganin ɓarnar gurbi a wayar salula. Sai dai akwai ƙashi a ciki. Adireshin IP ba sunan na'ura kaɗai ba ne, yana kuma faɗin unguwar da take zaune. Na'urorin raba hanya ba su san kowace kwamfuta ɗaya bayan ɗaya ba, farkon lambar suke dubawa su tura fakiti yankin da ya dace. Wannan ya wadatar a zamanin da kwamfuta girke take a ɗaki. Waya kuwa ba ta zama. Mutumin da ya hau jirgin ƙasa daga Munik zuwa Hambog zai wuce turakun sabis masu ɗimbin yawa kafin ya sauka. In adireshinsa ya canja a hanya, duk abin da yake saukewa ya tsinke. In bai canja ba, fakitocinsa su ci gaba da zuwa inda ya baro.

Ɗan kasuwar da ke yawo tsakanin garuruwa ya san maganin wannan. Ba shi da mazauni tsayayye, amma yana da maigida a zango. Mai aika masa wasiƙa ta hannun maigidan yake rubutawa, shi kuma, da yake ya san inda baƙonsa ya sauka a wannan mako, sai ya sa wasiƙar a cikin wani ambulan ba tare da ya buɗe ta ba, ya rubuta sabon wurin a baya, ya ba mai tafiya can. Haka injiniyoyi suka yi: a ɗauki fakitin mai waya da adireshinsa da ba ya canjawa, a naɗe shi cikin wani fakitin mai adireshin inda yake yanzu. Na'urorin tsakiya naɗin waje kawai suke gani. Hanyar da irin wannan naɗaɗɗen fakiti ke bi, daga inda aka naɗe shi zuwa inda za a kwance shi, ita ce bututu.

Dabarar ba ta jawo gardama ba. Abin da aka yi shekara ashirin ana ja-in-ja a kansa shi ne wa zai riƙe bututun. Ƙungiyar IETF mai tsara ƙa'idojin intanet ta buga tata amsar a Oktoba 1996, a daftari mai lamba RFC 2002 wanda Charles Perkins ya tace, da sunan Mobile IP. A wannan tsari na'urar mai tafiya ce da kanta ke sanar da wakilinta na gida inda ta sauka. Ya dace da aƙidar mutanen intanet, masu son wayo ya zauna a na'urar mai amfani, ita hanya aikinta ta ɗauka ta kai. Kamfanonin tarho kuwa ba su taɓa sakin jiki da na'urar da ke hannun kwastoma ba, kuma suna da abin da intanet ba ta da shi. GSM ta riga ta san yankin da kowace waya take, tana da katin SIM mai tantance mai layi, tana da rajistar gida wadda ake kira HLR. Me zai sa su tambayi waya abin da suka riga suka sani?

A kan wannan tunani ETSI ta gina GPRS. Binciken da Bernhard Walke da ɗalibansa suka yi a jami'ar Aachen ta Jamus a farkon shekarun 1990, kan yadda za a cusa fakitoci a rediyon GSM, yana cikin abin da ya share hanya, kuma ƙa'idojin suka fito a zubin da ake kira na 97. An ƙara na'urori biyu a cibiyar kamfani. Ta farko, SGSN, ita ke kula da yanki: ta san wayoyin da ke ƙarƙashinta, ta tantance su, ta bi sawunsu. Ta biyu, GGSN, ita ce mashiga, wadda fuskarta ɗaya ke kallon intanet. Ita ke ba waya adireshin IP, kuma a ganin duniyar waje duk wayoyin kamfanin a bakinta suke zaune. Harshen da waɗannan biyu ke magana da shi aka rubuta a daftarin GSM 09.60, aka sa masa suna GTP, wato ƙa'idar bututun GPRS.

Kafin fakiti ko ɗaya ya motsa sai an ƙulla zama. Waya ta gaya wa SGSN sunan mashigar da take so, wato APN. Duk wanda ya taɓa zama yana shigar da saitin intanet da hannu a tsohuwar Nokia ya san shi; na MTN a Najeriya shi ne web.gprs.mtnnigeria.net, mutane da yawa sun haddace shi ba su san aikinsa ba. SGSN takan liƙa wa sunan lambar ƙasa da ta kamfani, ta Najeriya 621 ce, ta rufe shi da kalmar gprs, sannan ta nemi adireshin mashigar a wani kundin sunaye na kamfanonin waya wanda intanet ta gama-gari ba ta san da shi ba. Da ta samu sai ta aika buƙatar buɗe bututu ɗauke da lambar SIM, da irin saurin da aka yarje wa mai layin. Mashiga ta amsa da adireshin IP, bututu ya tsaya. Idan mai waya ya tsallaka zuwa yankin wata SGSN, sabuwar ta karɓi bayanansa daga tsohuwar, ta gaya wa mashiga ta karkato bakin bututun wajenta. Adireshin IP na nan yadda yake. Ita wayar ba ta ma san akwai wani abu wai shi GTP ba, kuma har yau babu wayar da ke magana da shi. Wannan jahilci na waya shi ne babban ƙarfin tsarin: ba sai an jira masu ƙera waya sun yarda ba, ba sai an amince da manhajar kowa ba.

Zubin farko na GTP, wanda daga baya aka riƙa kira na sifili, yana ɗauke da alamun zamaninsa. Masu rubuta shi ba su sakankance cewa IP ce za ta ci kasuwa ba, don haka suka tanadi wuri ga X.25, tsohuwar ƙa'idar data ta kamfanonin tarho wadda bankuna ke amfani da ita a lokacin, har suka yarda bututu ya bi ta TCP saboda ita. Goshin da ake liƙa wa kowane fakiti bayit 20 ne. Saƙonnin umarni da kayan mai waya duk ƙofa ɗaya suke bi, mai lamba 3386. Lambar da ke bambanta bututu da bututu kuma an haɗa ta ne da lambar IMSI ta katin SIM, ma'ana kowane fakiti na tafe da shaidar mai shi a goshi.

Akwai kuma 'yar'uwarta da ba a cika ambato ba, GTP mai ɗigon sama, wadda aikinta ɗaya: kwashe bayanan caji daga SGSN da mashiga zuwa ofishin lissafi. A ganina a nan gizo ke saƙar. Bututu ya warware matsalar tafiya, gaskiya ne, amma ya kuma tilasta wa kowane bayit na mai layi ya bi ta ƙofa ɗaya wadda kamfani ke riƙe da makullinta. A wannan ƙofa ake ƙirga megabayit, a nan ake rage wa mutum sauri, a nan ake gane cewa wannan shafi kyauta ne wancan na kuɗi, a nan hukuma ke sa kunne idan kotu ta ba da izini, kuma a nan ake tsayar da komai a ranar da data ta ƙare. Samarin da suka yi tashen burauzin kyauta a ƙarshen shekarun 2000, masu sauya saiti a Opera Mini, wannan mai gadin suke yaudara. Duk ƙa'idar da ta zo daga baya tana neman maye gurbin GTP sai an tambaye ta inda za a ajiye mita.

BT Cellnet a Birtaniya da T-Mobil a Jamus suka fara sayar da GPRS a tsakiyar shekarar 2000. A takarda saurinta na iya kaiwa kilobit 171.2 idan an haɗa gurbi takwas duka. A hannun mutane da wuya ta wuce modem ɗin wayar gida. Shafukan WAP da aka yi ta tallatawa ba su burge kowa ba. Abin da ya canja rayuwa shi ne kasancewar bututu na iya zama a buɗe yini guda ba a biyan ko sisi sai wani abu ya wuce. BlackBerry, wadda ta fitar da wayarta ta GPRS a 2002, a kan wannan ta gina sunanta, wasiƙa ta iso aljihu ba tare da an je nemanta ba. Najeriya ta shigo a daidai wannan gaɓa: hukumar NCC ta yi gwanjon lasisi a Janairu 2001 a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya, Econet da MTN suka fara aiki a Agusta. Kafin GSM ta iso Kano da Kaduna, GPRS ta riga ta shiga kasuwa a Turai.

A Disamba 1998 aka kafa 3GPP, haɗakar cibiyoyin ƙa'ida na Turai da Japan da Koriya ta Kudu da Amurka, Sin ta shigo daga baya, domin shirya tsara ta uku. A zubin 99 suka sake rubuta GTP a daftari mai lamba 29.060, kuma gyaran da suka yi shi ya ba ta tsawon rai. Suka raba ta biyu: GTP-C ta umarni a ƙofa 2123, GTP-U ta ɗaukar kaya a ƙofa 2152, dukansu a kan UDP. Goshi ya ragu zuwa bayit 8. Aka cire IMSI daga lambar bututu, aka kawo TEID, lamba mai bit 32 wadda ba ta nufin komai sai ga na'urar da ta ba da ita. Mai karɓa ne ke zaɓen lambar ya ce wa mai aikawa ya riƙa rubuta ta a kan duk abin da zai turo, don haka kowane bututu lamba biyu gare shi, ta zuwa da ta dawowa. Amfanin wannan a fili yake ga na'urar da ke sarrafa miliyoyin fakitoci a daƙiƙa: ta duba lamba ɗaya a teburinta, nan take ta san na wane ne, ina za shi, wane gata ya cancanta. Aka kuma miƙa bututun gaba, daga SGSN zuwa RNC, na'urar da ke sarrafa turakun 3G.

A Amurka da Koriya kuwa wata haɗakar, 3GPP2, ta masu CDMA2000, ta ɗauki kayan IETF: Mobile IP, da bututun GRE, da PPP. Shekaru kusan goma duniya na da zuri'a biyu ta bututu. 'Yan Najeriya sun ɗanɗani duka biyun ba tare da sun sani ba, domin mai modem ɗin Starcomms ko Visafone ta zuri'ar CDMA yake bi, maƙwabcinsa mai layin GSM yana cikin GTP. Ba a teburin injiniyoyi aka raba wannan gardama ba, a kasuwa aka raba ta. Verizon, babbar uwar CDMA a Amurka, ta zaɓi LTE, Qualcomm ta watsar da shirinta na UMB a Nuwamba 2008, WiMAX ma da ta rungumi Mobile IP ba ta yi nisa ba. MTN ta sayi Visafone a 2016.

Amma kafin ƙura ta lafa an gwabza a cikin 3GPP kanta. Lokacin tsara cibiyar LTE a zubi na 8, wanda aka kammala a ƙarshen 2008, kamfanonin da suka fito daga CDMA ba su so a ɗora musu gadon GPRS ba. IETF ta riga ta fitar da Proxy Mobile IPv6 a Agusta 2008, a RFC 5213, inda ta yarda hanya ce za ta yi wa waya rajista, ba wayar da kanta ba. Wato bayan shekara goma sha biyu ta dawo kan matsayin ETSI. Kwamiti ya kasa zaɓa, sai ya rubuta biyun: daftari 23.401 na GTP, 23.402 na ɗayar, kowane kamfani ya ɗauki wanda ya ga dama don haɗa mashigai biyu na cibiyar LTE, mashigar yanki da mashigar intanet. Sai dai GTP na ɗauke da bayanin inganci da na caji a cikin saƙonninta, tana kuma buɗe bututu dabam ga kowane irin kaya, yayin da kishiyarta sai an kafa mata wata hanyar umarni a gefe. Ga kuma romin: kamfanin da ke son baƙi su yi amfani da layinsa dole ya iya harshen da sauran ɗaruruwan kamfanoni ke ji. Kusan kowa ya ɗauki GTP. An sabunta ɓangaren umarni ya zama zubi na biyu a daftari 29.274. Ɓangaren kaya kuwa ba a ga abin gyarawa ba, aka kwashe shi zuwa daftari 29.281 da lambarsa ta ɗaya. GTP-U zubi na biyu ba ta taɓa wanzuwa ba.

TeliaSonera ta buɗe LTE ta farko a Stockholm da Oslo ranar 14 ga Disamba 2009. A wannan tsara an kawar da RNC, bututu ya isa har gindin turke. Yadda ake miƙa waya daga turke zuwa turke ya cancanci a tsaya a kansa, don a nan ake ganin gwanintar masu tsarin. Mota na gudu, waya ta ba da rahoton cewa turken gaba ya fi ƙarfi. Tsohon turke ya shirya da sabon, ya sallami wayar, amma fakitoci na ci gaba da zubo masa daga cibiya, wadda ba ta ji labari ba tukuna. Maimakon ya zubar, sai ya buɗe ɗan gajeren bututu zuwa maƙwabcinsa ya riƙa tura masa su. Sabon turke ya sanar da cibiya, ta karkato babban bututu. Yanzu kaya na iso masa ta hanya biyu, tsofaffi ta maƙwabci, sababbi kai tsaye, kuma in ya gauraya su tsari ya lalace. Don haka mashigar yanki, a daidai lokacin da ta juya, takan saki wani fakiti marar kaya a tsohuwar hanya, alamar ƙarshe, saƙo mai lamba 254. Sabon turke ya riƙe sababbin har sai alamar ta iso, sannan ya sake su. Duk wannan cikin ƙasa da ƙiftawar ido, mai kallon bidiyo a kujerar baya bai ga komai ba.

Farashinsa bayit 36 ne a kan kowane fakiti idan IPv4 ake amfani da ita: 20 na adireshin waje, 8 na UDP, 8 na GTP. A kan babban fakiti ba a jin nauyinsa, sai dai yakan sa fakitin ya wuce girman da hanya ta yarda da shi, abin da ya daɗe yana ba injiniyoyi ciwon kai. A kan ƙaramin fakitin murya kuwa naɗin kan yi kusan girman abin da aka naɗe. Da yake LTE ba ta da layin murya irin na da, tun da aka fara VoLTE a Koriya ta Kudu a Agusta 2012 ita kanta muryar ta koma kaya a cikin bututu.

Romin shi ya fitar da GTP daga gidan kamfani zuwa tsakanin ƙasashe. Tun shekarar 2000 aka fara kafa GRX, wata keɓaɓɓiyar hanya mai haɗa kamfanonin waya, wadda babbar mahaɗarta ke Amsterdam. Daga baya aka faɗaɗa ta zuwa IPX. Al'adar da aka ɗauka ita ce bututun baƙo ya koma gida. Alhajin da ya tafi Makka da layinsa na Najeriya, in ya buɗe shafin wani otal da ke tsallaken titi, buƙatarsa za ta hau turken kamfanin Saudiyya, ta shiga bututu, ta keto har mashigar kamfaninsa na gida, daga nan ta fita intanet ta koma Saudiyya, amsa kuma ta biyo sawu. Shi ya sa data a romin take da nawa, shi ya sa kuma shafuka ke ɗaukar matafiyi kamar bai bar ƙasarsa ba. Ƙa'ida ta tanadi a sauke kaya a ƙasar da aka je, amma kamfanoni kaɗan suka yarda wani ya riƙe musu mita.

A nan kuma bashin da aka ci tun farko ya fara neman biya. GTP ba ta tambayar mai magana shaidarsa, ba ta kuma ɓoye abin da ta ɗauka. An rubuta ta a zamanin da kamfanonin waya 'yan kaɗan ne, da yawansu na gwamnati ko 'ya'yan na gwamnati, sun san juna. Wanda ya samu shiga GRX yana iya aika saƙon rufe bututun wani, ko ya buɗe bututu da lambar SIM ɗin da ba tasa ba a caji mai ita. A LTE ma ɓoyon rediyo a turke yake ƙarewa. Daga nan zuwa cibiya ƙa'ida ta ce a lulluɓe da IPsec, amma ta bar wa kamfani ya yanke ko hanyarsa amintacciya ce. A Satumba 2013 mujallar Der Spiegel ta buga takardun da Edward Snowden ya fitar, masu nuna cewa hukumar leƙen asirin Birtaniya, GCHQ, ta kutsa kamfanin Belgacom na Beljiyam a wani aiki mai suna Operation Socialist. An ɗana wa injiniyoyin kamfanin tarko da shafukan LinkedIn na bogi, kuma abin da ake hari shi ne na'urorin GRX na reshensa BICS, inda bututan matafiya daga ƙasashe da dama ke ratsawa.

Ba gwamnatoci kaɗai suka gane wurin ba. Tun farkon shekarun 2000 Jens Jakobsen ya rubuta OpenGGSN, manhajar kyauta mai kwaikwayon mashiga, wadda aikin Osmocom ya gada. A 2016 kuma GTP-U ta shiga zuciyar Linux a zubi na 4.7. Wannan ya ba jami'o'i da ƙananan kamfanoni damar gina cibiya a kan kwamfuta ta gama-gari, alheri ne babba. Amma a Oktoba 2021 kamfanin tsaro CrowdStrike ya ba da rahoton wata ƙungiya da ya kira LightBasin, wadda ya ce ta shiga kamfanonin sadarwa aƙalla 13 tun 2019, tana amfani da sgsnemu, ɗan kayan gwajin da ke cikin OpenGGSN, tana ɓoye zirga-zirgarta a cikin bututun GTP don masu gadi su ɗauka kayan mai waya ne. A Fabrairu 2024 aka bankaɗo GTPDOOR, manhajar kutse da ke kwanciya shiru a na'urar da ke maƙwabtaka da GRX. Saƙo mai lamba 1 a GTP shi ne na jin lafiya, wanda na'ura ke aika wa 'yar'uwarta lokaci-lokaci don ta tabbatar tana raye, kuma ba wanda ke toshe shi tunda in babu shi hanya ta mutu. A cikinsa masu GTPDOOR ke cusa umarninsu. Ƙungiyar GSMA ta fitar da jagorar tsaron GTP, kamfanoni suka kafa katangu masu tace saƙonni a bakin iyaka, amma duk gyara ne daga waje, ƙa'idar na nan yadda take.

Da aka zo 5G, ɓangaren umarni ne ya fara sallama. Tun a zubi na 14 an raba mashiga biyu, mai yanke shawara da mai ɗaukar kaya, aka haɗa su da sabuwar ƙa'ida, PFCP. A zubi na 15, a 2018, cibiyar 5G ta watsar da GTP-C a tsakanin na'urorinta, ta koma HTTP/2 da JSON, harshen masu gina shafukan intanet, aka kuma sa mai gadi na musamman a iyakar romin. GTP-C ta rage a mahaɗar da ke miƙa waya tsakanin 5G da 4G, da kuma duk inda cibiyar 4G ke aiki, wanda ba ƙaramin wuri ba ne, domin kamfanonin da suka fara 5G, har da na Koriya ta Kudu a Afrilu 2019, sababbin turaku suka jingina da tsohuwar cibiya. Kaya kuwa, daga turke zuwa UPF, sabon sunan mashiga, a GTP-U suke tafiya ta ƙofa 2152. Abin da aka ƙara ɗan goshi ne na biyu mai faɗin ajin ingancin fakiti, a gurbin ƙari da masu zubin 99 suka bari.

An gwada kawar da ita a wannan karon ma. Kwamitin 3GPP mai kula da ƙa'idojin cibiya ya buɗe nazari mai lamba 29.892 don duba ko akwai abin da ya fi. Babbar mai takara ita ce SRv6, wadda injiniyoyin SoftBank na Japan da na Cisco suka tsaya wa. Hujjarsu mai ƙarfi ce: IPv6 na da adireshi mai bit 128, fili isasshe da za a rubuta hanyar fakiti da shaidar zamansa a cikin adireshin kansa, a huta da naɗi na musamman, a bar na'urorin raba hanya na gama-gari su yi aikin. Masu adawa suka ce a nuna musu abin da GTP-U ta kasa, wanda zai sa a sauya turaku miliyoyi da yarjejeniyoyin romin na duniya baki ɗaya. A 2019 kwamiti ya rufe nazarin ya bar GTP-U a wurinta. Masu SRv6 suka mayar da aikinsu IETF, inda ya fito a Yuli 2023 a RFC 9433, daftarin bayani wanda bai wajaba a kan kowa ba. Kaso mai tsoka na shafukansa ya tafi ne wajen bayyana yadda wata mashiga za ta kwance goshin GTP-U daga fakitin da ya fito daga turke, ta adana lambar TEID a cikin adireshin IPv6, sannan ta mayar da goshin kafin fakitin dawowa ya isa turken.